Shin in gaya wa kocin ɗana cewa yana da lalurar wahalar karatu?

Assalamu alaikum Anti,

Ina yi miki fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya ƙara basira. Na rubuto ne a kan ɗana na biyu mai shekara 11, wanda ƙwararru suka tabbatar mana bara cewa yana da disleksiya, wato lalurar da take sa karatu da rubutu su yi wa yaro nauyi alhali hankalinsa da fahimtarsa lafiya lau suke. A cikin rahoton da aka ba mu an kuma ambata cewa idan aka jero masa umarni uku ko huɗu da baki a lokaci guda, na farkon kawai yake iya riƙewa, sauran sai su zube masa. Malamansa sun san da maganar kuma suna bakin ƙoƙarinsu, amma har yanzu da faɗuwar gaba yake shiga aji.

Ƙwallon ƙafa ita ce ta riƙe masa zuciya. A fili yakan zama wani yaro dabam, mai kuzari da fara'a, kuma ko wanda bai san ƙwallo ba zai shaida cewa yana da ƙafa. Damuwata ta fara ne da aka ɗaga shi zuwa rukunin da ke gaba da nasu, inda ya haɗu da sabon koci mai yawan bayani da baki, wanda yake tura wa yara tsarin atisaye a rubuce ta WhatsApp, sannan ya tsaya a bakin fili yana kiran dama da hagu da sauri. Ɗana yakan bi inda ba a ce ba, ko ya tsaya yana kallon abin da sauran suke yi kafin ya bi sahu. Na ji da kunnena kocin yana ce masa ba ya jin magana, a wasannin baya-bayan nan kuma a benci yake ƙarewa.

Ni a ganina ya kamata in je in yi wa kocin bayani, amma maigidana bai yarda ba. Cewa yake yi da zarar an san yaro da wata lalura, da ita za a riƙa kallonsa har ya girma, kuma koci zai iya fakewa da ita ya ajiye shi gaba ɗaya, ko ya riƙa lallaɓa shi kamar majinyaci. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yaron da kansa, domin da na taɓo masa zancen sai idanunsa suka ciko, ya ce: "Umma, don Allah kada ki gaya wa Koci, can ne kaɗai ba wanda ya sani." Tausayi ya sa na amsa masa cewa ba zan faɗa ba. Yanzu ga shi ina kallon abin da yake so yana neman kuɓuce masa saboda shirun da na yi masa alƙawari. Anti, in faɗa ko in ci gaba da yin shiru?

Uwa mai neman mafita

Wa'alaikumus salam 'yar'uwata,

Shawarata ita ce kocin ya sani, amma ba a bayan idon ɗanki ba, kuma ba dukan abin da ke cikin rahoton zai sani ba.

Ki fara duba abin da shirun ya haifar. Ke da maigidanki kuna tsoron kada a liƙa wa yaron suna, alhali an riga an liƙa masa, domin mutumin da yake ganin yaro yana saɓa umarni sau da yawa ba zai zauna babu fassara ba, zai nemo wa kansa dalili, kuma dalilin da ya fi saurin zuwa shi ne taurin kai ko rashin mayar da hankali. Wannan shi ne abin da kika ji da kunnenki. Saboda haka zaɓin da ke gabanku shi ne tsakanin bayanin gaskiya da kocin zai iya aiki da shi, da kuma bayanin kuskure wanda ya riga ya kai yaron benci. Ba na ganin laifin kocin a wannan mataki, tunda abin da idonsa ya gani yake hukunci da shi, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa disleksiya magana ce ta littafi da alli kawai, wadda ba ta da abin yi a filin wasa, kuma akwai gaskiya a cikin hakan ta wata fuskar. Tun a 1896, lokacin da wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya wallafa bayanin wani yaro ɗan shekara 14 da ya kasa koyon karatu, ya rubuta cewa yaron haziƙi ne, mai saurin kama wasanni, kuma bai gaza tsararrakinsa da komai ba. Lalurar ba ta taɓa ƙafa ko ido ko zafin nama, tana taɓa yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa sautukan magana da haɗa su da haruffa, kuma a wurin yara da dama tana zuwa tare da raunin riƙe jerin kalmomi a ka na ɗan lokaci, wasu kuma sukan ɗan jinkirta kafin su bambance dama da hagu idan an kira musu da baki. To, ki auna abin da sabon kocin yake nema: yaro yana gudu, numfashi yana sama, ana hayaniya, sai a kira masa daga nesa cewa ya miƙa ƙwallo, ya zagaya ta hagu, ya karɓa, sannan ya buga. Ga ɗanki wannan kamar riƙe ruwa ne a tafin hannu ana gudu. Tsayawar da yake yi yana kallon abokansa dabara ce ya ƙirƙiro wa kansa, domin abin da kunne ya kasa riƙe masa ido yana riƙewa, kuma koci mai hankali idan ya gane haka zai yi amfani da ita maimakon ya tsawata a kanta.

Sai maganar alƙawari, wadda a wurina ta fi komai nauyi a wasiƙarki. Kada ki karya shi a ɓoye. Yaron da ya sha wahala a aji ya riga ya saba da manya suna tattauna matsalarsa a kansa ba tare da shi ba, idan kuma ya gano cewa mahaifiyarsa ta kai sirrinsa wurin da ya roƙe ta kada ta kai, zai iya rasa filin da kuma amincewa da ke a lokaci guda. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 12, ta ce yaron da ya isa ya samar da ra'ayi yana da haƙƙin a saurare shi a duk al'amarin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayinsa nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ɗan shekara 11 ya kai a zauna da shi, ko da yake bai kai a bar masa nauyin hukuncin shi kaɗai ba.

Ki nemi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba ranar da ya dawo daga benci ba, ki gaya masa cewa kina nan a kan alƙawarinki, amma kina so ku sake duba shi tare. Ki tambaye shi ainihin abin da yake tsoro, ki kuma bari ya gama magana kafin ki ce komai. Ina kyautata zaton za ki tarar ba kocin yake gudu ba, abokan wasansa yake gudu, kada su ji su mayar da abin tsokana, kada kuma a riƙa ware shi a gaban kowa ana yi masa bayani na musamman. Idan haka ne, to matsalar tana da magani, domin ana iya gaya wa mutum ɗaya bisa sharaɗin kada ya wuce shi. Ki kuma nuna masa abin da shi bai hango ba, cewa kocin yanzu yana ɗaukarsa marar jin magana, kuma wannan zaton ne yake hana shi buga wasa. Ki ba shi zaɓi na gaske: ko a ambaci sunan lalurar ko a tsaya a bayanin abin da yake taimaka masa, ko ya kasance a wurin ko ya bar ku ku yi maganar, ko ma shi ya faɗa da bakinsa kuna tsaye kusa da shi.

Idan ya amince, ki bar rahoton a gida, domin koci ba malamin aji ba ne kuma ba likita ba, ba shi da buƙatar sanin makin karatun yaron ko tarihin gwajin da aka yi masa. Ki nemi ganin kocin shi kaɗai na 'yan mintuna a ranar da ba ta wasa ba, kada ki tare shi a gaban yara ko iyaye, kada kuma ki rubuta a zauren WhatsApp na ƙungiya. Abin da za a faɗa gajere ne, kamar haka: "Malam, mun gode da ƙoƙarin da kake yi da yaran nan. Ɗanmu yana son ƙwallo ƙwarai kuma yana girmama ka, sai dai yana da wahalar riƙe umarni da yawa idan an faɗa da baki a jere. Idan ka nuna masa sau ɗaya zai kama. Muna roƙon maganar ta tsaya tsakaninmu." Daga nan sai ki ambaci abubuwa kaɗan waɗanda ba za su ci masa lokaci ba, wato ya kira sunan yaron kafin ya ba da umarni, ya ba da ɗaya ko biyu a lokaci guda, ya nuna da hannu inda yake nufi idan ya ce dama ko hagu, ya sa shi na uku ko na huɗu a layin atisaye domin ya ga yadda na gabansa suka yi, tsarin da yake turowa a rubuce kuma ya haɗa shi da saƙon murya ko zane, ko ku ku karanta masa a gida. Duk waɗannan zai iya yi wa rukunin baki ɗaya ba tare da kowa ya san don wa aka yi ba, kuma ba ɗanki kaɗai zai amfana ba. Ƙungiyar da ke kula da masu disleksiya a Birtaniya tana ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 yana da ita, saboda haka a rukunin yara 20 da wuya a ce shi kaɗai ne.

Tsoron maigidanki ba na banza ba ne, kada ki ɗauke shi a matsayin gardama. Akwai manyan da idan suka ji yaro yana da wata lalura sai su sassauta masa fiye da kima, su daina gyara masa kuskure, su daina sa ran komai daga gare shi, yara kuwa suna saurin gane irin wannan tausayin kuma yana yi musu ciwo. Maganinsa shi ne a faɗa wa kocin ƙarara cewa ba sassauci ake nema ba, a ci gaba da matsa masa kamar kowa, hanyar isar da saƙo kaɗai ake so a sauya. Zan ma so a ce mahaifinsa ne zai faɗi wannan jimlar da bakinsa, domin shi ya fi jin ta a ransa, kuma zuwanku tare zai nuna wa yaron cewa ba abin kunya ake ɓoyewa ba. Ki kuma tuna wa maigidanki cewa ɓoyewa ma tana da nata kuɗin. Jackie Stewart, wanda ya zama zakaran duniya na tseren mota a 1969 da 1971 da 1973, bai san yana da disleksiya ba sai da ya kai shekara 41, kuma ya sha faɗa cewa ya tashi yana ɗaukar kansa daƙiƙi. Ban kawo shi don in ce ɗanki zai zama zakara ba, na kawo shi ne domin ko nasara mai girman wannan ba ta goge masa tabon da rashin bayani ya bari ba.

Mai yiwuwa ne yaron ya dage a kan a'a. Idan haka ta faru, ki gaya masa cewa ba za ki ambaci lalurar ba, amma a matsayinki na uwa za ki shaida wa kocin cewa ya fi kama abu idan an nuna masa, wanda gaskiya ce da kowace uwa za ta iya faɗa a kan ɗanta, sannan ku ajiye magana cewa za ku sake zama bayan wasu makonni ku ga ko an sami sauyi. Ki sani dai wannan sassaucin ya dace ne da irin lalurarsa kawai. Da a ce abu ne da ya shafi lafiyar jikinsa a fili, kamar farfaɗiya ko asma ko wani magani da yake sha, da na ce dole koci ya sani ko yaro ya so ko bai so ba.

Bayan an yi maganar, ki ba kocin lokaci, domin sauya salon da mutum ya saba da shi ba ya faruwa a atisaye ɗaya, kuma zai manta a wasu ranakun. Abin da za ki sa wa ido shi ne ko ya riƙe amanar, da kuma ko tsawar ta ragu. Idan kuwa kika ga ya fallasa maganar a gaban yara, ko ya mayar da ita hujjar ajiye shi, ki kai ƙorafi wurin shugabannin ƙungiyar cikin natsuwa kuma a rubuce, in ba a gyara ba ku nema masa wata ƙungiyar, ku kuma bayyana masa sarai cewa kocin ne ya gaza riƙe amana, ba shi ne ya yi laifi da ya yarda aka faɗa ba.

Allah ya raya mana shi, ya sa albarka a ƙoƙarinku.

Anti