Amsa: Ana iya auna kasa faɗin abin da ke zuciya?

Malama, kin tambaya ko shirun ƙaninki, wanda tun rasuwar mahaifinku a Garwa ba ya cewa komai sai "lafiya lau", kunya ce kawai ko wata matsala ce da ake iya aunawa. Ana auna matsalar kasa faɗin abin da ke zuciya da ma'aunin TAS-20, wanda masana a Toronto ta ƙasar Kanada suka fitar a 1994. Jimloli 20 ne, mutum yana ba kowace maki daga 1 zuwa 5, kuma jimillar 61 zuwa sama tana nuna wahalar gane abin da zuciya ke ji da kuma bayyana shi.

Sai dai a ganina makin kaɗai ba zai raba miki gardama ba, musamman a nan inda ake renon yaro da kara, da abin da maƙwabtanmu Fulani ke kira semteende, wato kunya. Mai jin kunya ya san damuwarsa, ɓoyewa yake yi, alhali mai wannan matsalar bai ma san sunan damuwarsa ba, sai dai ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi ko barci ya ƙaurace masa. Ki zauna da shi ku biyu bayan sallar isha'i, ki saurara. Idan ciwon jiki kaɗai yake ambata, ki raka shi wajen likita.