Amsa ga mai tambaya kan adakar mahaifinta muƙaddami

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashi. Kin ce muƙaddami ne a ɗariƙar Tijjaniyya, wato mai izinin ba da wuridi, an yi sadakar arba'in, yayyenki maza suna son kwashe ɗakinsa don a sayar da gidan a raba gado, ga kuma adakar ƙarfe cike da takardu da carbuna da rawuna da hotuna da kaset-kaset, kowa ya rasa yadda za a yi da su. A cikin birnin Kano na tashi, unguwar da zawiya ba ta yi wa kowa nisa, kuma an sha kirana irin wannan aiki don ina ɗan iya karanta rubutun hannu irin na da.

Kada ki yarda a tantance kayan nan ranar kwashe ɗaki. Ranar nan kowa sauri yake yi, ga mai kura a ƙofar gida yana jira, ga ƙura, ga zuciya ba daɗi. Ki roƙi babban yayanku a sa wa adakar kwaɗo, a kai ta gidan wanda duka magada suka amince da shi, a gaban shaidu. Idan mahaifiyarku ko abokiyar zamanta na cikin takaba, kin samu hujja mai ƙarfi ta jinkirtawa, tunda wata huɗu da kwana goma a ɗakin mijinta ake so ta yi su.

Abin da na fi ganin yana cinye takardun malamai kuwa girmamawa ce, ba wulaƙanci ba. Wani ɗa nagari zai ga tarin takardu masu sunan Allah sun soma rududdugewa, ya ji tsoron kada a tattake su, sai ya tattara ya ƙona ko ya haƙa rami ya binne. Niyyarsa kyakkyawa ce, kuma haka aka koya mana game da yagaggen shafin Alƙur'ani. Amma a cikin tarin nan ne ijazar mamaci take, wato takardar izinin da shehinsa ya ba shi, da wasiƙun shehinsa, har da takardar da ya rubuta wanda yake bi bashi da wanda ke binsa. Na ga gidan da sai bayan an kwashe toka wani dattijo ya zo neman littafin kakansa da ya ba marigayin aro tun kafin a haifi 'ya'yan gidan. Ba wanda ya iya ɗaga kai ya dube shi.

Shi ya sa nake cewa ku kira dattawan zawiyarsa biyu ko uku, waɗanda suka daɗe suna zaman wazifa da shi, su zauna da ku a buɗe adakar tare. Za su nuna muku cewa ba duk abin da ke ɗakin muƙaddami ne nasa ba. Farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a wazifa lokacin karanta salatin Jauharatul Kamali galibi na zawiya ne, haka littafin da ake rubuta gudummawar mauludi da kuɗin ziyara. Akwai littattafan aro, akwai ajiyar almajirai, akwai wanda aka rubuta waƙafi a shafinsa na farko. Waɗannan amana ce, a mayar wa masu su kafin ma a soma zancen gado. Abin da ya rage shi ne dukiyar mamaci, kuma ko allura ce tana da magada. Kada ki ɗauki carbinsa a ɓoye don kin fi kowa shaƙuwa da shi. Ki nema a fili, a yi masa ƙima a cikin rabonki ko 'yan'uwa su yafe miki.

Ijaza ita ce za ki fi sa wa ido. Sau da yawa takarda ɗaya ce ko biyu, a naɗe a cikin wani littafi, ba ta da wani kwarjini a ido. A cikinta akwai sunan wanda ya ba shi izinin ba da wuridi, da silsilar da ta bi daga shehi zuwa shehi har ta kai ga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815. Idan Baba na ɓangaren Faila ne, mai yiwuwa ki ga sunan Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a ciki, wanda alaƙarsa da Kano ta faro daga haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, ya kuma rasu a 1975. Kwanan watan da ke jiki na hijira ne, don haka in kin ga 1370 ki ɗauka wajen 1951 ake nufi. Izinin kansa ba a gadonsa, na mai shi ne shi kaɗai, amma takardar shaida ce ta inda mahaifinku ya sha karatu da mutanen da ya zauna da su. Kuma kada ki ba yaron da Alƙur'ani bugun Madina kaɗai ya sani ya karanta miki. Rubutun malamanmu na da salon Magaribi ne, ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, yaron zai ce miki shirme ne aka rubuta.

Littattafan hannu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su da shi, a cusa a gafaka. Babu lambar shafi a mafi yawansu, sai kalmar da ake rubutawa a can ƙasan shafi wadda ita ce farkon na gaba. To a nan rabon gado yake yin ta'adi: a ce kowa ya samu tubarraki, a yayyage littafi guda gida biyar, ya zama ba mai amfana. Gara mutum ɗaya ya riƙe shi cikakke a bakin rabonsa, ko magada su haɗu su mayar da shi waƙafi. In kin ɗaga takardar ga hasken rana kika ga alamar jinjirin wata uku, irin takardar Italiya ce da fatake suke shigo da ita ta Sahara, mai yiwuwa littafin ya girmi Baba, wataƙila shi ma gadonsa ya yi.

Wajen ajiya, abu uku nake hana mutane: lamineshin, salatif, da leda. Lamineshin zafi ne da gam, in an yi ba a warwarewa. Salatif yana jan tawada ya bar jan tabo. Leda kuma tana tara gumi da damina, takarda ta yi funfuna. A naɗe a farin yadi mai tsabta, a sa a kwali mai kauri, a ɗora a kan wata kanta nesa da ƙasa da jikin bango saboda gara, a riƙa dubawa kafin saukar ruwan fari da bayan ɗaukewarsa. Kada a goge da jiƙaƙƙen tsumma, tawadar gawayi da ƙaro ruwa take jira ta narke. Ki ɗauki hoton kowane shafi da waya a inuwa, a jere yadda kika same su, ki tura wa dukan 'yan'uwa. Wannan kaɗai yana kashe rabin rigimar.

Hotunan kuwa, ki kai wa dattawan nan tun suna raye su faɗa miki wane ne wane, a ina, wace shekara, ki rubuta a bayan hoton da fensir, ba biro ba. Kaset-kaset a nemi mai juya su zuwa kwamfuta, kada a gwada su a tsohuwar rediyon da za ta tauna zaren.

Na san akwai gidajen da wasu 'ya'yan ba sa ɗariƙa, har suna ganin kayan nan bai kamata a ajiye su ba. Kada ki shiga muhawarar aƙida a kan adakar mamaci, ba za ta ƙare ba. Ki tsaya a kan cewa haƙƙin magada ne duka, mutum ɗaya ba shi da ikon halaka abin da wasu ke da rabo a ciki. Wanda ba ya so ya bar wa mai so. In an ci karo da layu ko takardun sirri, a bar wa dattawan zawiya su san yadda za su yi da su.

Idan takardun suna da yawa kuma babu mai wurin ajiya, akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970, yake kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai sashen rubuce-rubucen hannu a ɗakin karatun Jami'ar Bayero, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ki je da kanki ki ga ɗakin da za a ajiye su kafin ki miƙa komai, ki tambaya ko za su ɗauki hoto su bar muku asalin. Duk abin da kuka bayar, ko ga jami'a ko ga zawiya, a rubuta shi ɗaya bayan ɗaya, a fayyace aro ne ko kyauta, magada su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.