Tsiron Cikin Mahaifa da Endometiriyosis: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya daga Rigasa: Likita, shekara huɗu da aure ban samu ciki ba. An ce ina da endometiriyosis, yanzu kuma sikanin ya nuna polip. Cuta ɗaya ce?

Amsa: 'Yar'uwa, ba ɗaya ba ce, amma suna da dangantaka. Polip tsiro ne da ke fitowa daga shimfiɗar cikin mahaifa, wani bai kai ƙwayar gero ba, wani ya kai santimita uku ko fiye. Endometiriyosis kuwa nama ne mai kama da wannan shimfiɗa da ya fito a wajen mahaifa: kan ma'ajiyar ƙwai, bayan mahaifa, ko jikin hanji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa.

Dukansu istirojin, wani sinadari da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa, shi ne ke ciyar da su, kuma an fi samun polip a jikin masu endometiriyosis fiye da sauran mata. Ba a tabbatar cewa ɗaya ne ke haifar da ɗaya ba. Abin da ya sa na damu da wannan shi ne, sau da yawa a yi ta fama da ciwon da ke waje a manta da leƙa cikin mahaifar, alhali polip na iya hana ƙwai zama. Ki nemi likitan mata, kamar a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Shika, a duba biyun tare, a kuma gwada maniyyin maigida.

Tambaya daga Kawo: An yi mini wankin mahaifa amma jinin istihada bai tsaya ba. Me ya sa?

Amsa: Wankin mahaifa lalube ne, mai yin sa ba ya ganin ciki, idan polip ne ke jawo jinin, ƙarfen kan goga gefensa ya wuce. Abin da ya dace shi ne a sa siririyar kyamara ta bakin mahaifa, a ga tsiron, a yanke shi daga tushe, a kai ɗakin gwaji. Lokacin sikanin ma yana da tasiri: a yi shi ta farji, kwanaki kaɗan bayan ɗaukewar al'ada, lokacin da shimfiɗar ba ta yi kauri ba. Idan da shakka, a zuba ruwan gishiri na asibiti a mahaifa a sake dubawa.

Tambaya daga Tudun Wada: Mahaifiyata ta daina al'ada shekara shida, sai ga jini. Polip ne?

Amsa: Yana iya zama, kuma yawancin polip ba daji ba ne. Amma jini bayan daina al'ada, ko ɗigo ne, ba a jinkirta shi, musamman idan Mama na da ƙiba, hawan jini, ko tana shan tamoxifen, maganin ciwon dajin nono. A kai ta cikin makon nan a ɗebi nama a gwada.