Shafin shagona ya tsufa: in gyara ko in sake sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da leshi, atamfa da mayafai a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ina kuma aika wa 'yan uwanmu da ke Bronx da Hamburg. A 2017 wani yaro ya yi mini shafin intanet da WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita. Yanzu in an buɗe sai waya ta rubuta "Not secure", hotuna suna fita gefe, har wata mai sayen kayana ta ce tana tsoron turo kuɗi. Yaron ya yi tafiya, lambarsa ba ta shiga. Wani ya ce shafin ya mutu, in ba shi sidi 7,000 ya yi mini sabo da sabon suna. Hankalina a tashe yake, ga Sallah na tafe. In gyara ko in zubar? Hajiya, daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki ba kowa ko sisi tukuna.

Abubuwa biyun da kika lissafa ba alamun mutuwa ba ne. Tun watan Yulin 2018 Chrome, manhajar buɗe shafuka, yake liƙa "Not secure", wato babu tsaro, a kan duk shafin da ba shi da satifiket ɗin SSL, shaidar da ke kulle bayanan da ke wucewa tsakanin shafi da mai buɗe shi, ko da ba wanda ya taɓa shi. Wata cibiya mai suna Let's Encrypt na bayar da satifiket ɗin kyauta, kuma yawancin kamfanonin da ke ba shafuka masauki suna da wurin kunna shi. Aikin yini ɗaya ne, da ƙyar ma ya cika yinin. Hotunan da ke fita gefe kuwa laifin rigar shafin ne, wadda masu sana'ar ke ce wa tim. An ɗinka ta ne don kwamfuta, a sa masa wadda ta dace da waya. Wannan kam a gyara da wuri, domin yanzu Google da idon waya yake duba shafi kafin ya ba shi matsayi.

Hanyar rarrabe gyara da sakewa ba ta da wuya. A kwafi shafin a ajiye gefe, a ɗaga WordPress da filogin-filogin ɗinsa, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara masa, zuwa na yanzu, a ɗaga PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, tunda ko samfurin 7.4 an daina yi masa facin tsaro tun Nuwamban 2022, balle wanda ake yayi a 2017. In kwafin ya tashi lafiya, gyara ya ishe ki. Ko karɓar kuɗi ta waya, wato MoMo, da kati kike so, ana iya ɗora filogin ɗin shago na WooCommerce a haɗa da kamfanin karɓar kuɗi irin Paystack ko Hubtel ba tare da an rushe komai ba. In kuwa ya wargaje saboda rigar ta sata ce, ko mai ita ya daina kula da ita, ko ana share ɓarnar masu kutse tana dawowa, to a sake gini. Kuɗin faci a nan zai fi na sabon ɗinki.

Amma ba nan damuwata take ba. Maganar da ta tsaya mini a rai ita ce "sabon suna", da kuma yaron da lambarsa ba ta shiga.

Hajiya, sunan wa ke kan domen ɗin? Ina nufin adireshin da mutane ke rubutawa su iso gare ki. Kusan kullum sai na gamu da ɗan kasuwa mai cewa, ai ni na biya, shafina ne. Biyan kuɗi ba ya sa ki zama mai shi. Mai shi shi ne wanda aka yi rajista da sunansa da imel ɗinsa, wanda kalmar sirrin asusun ke hannunsa. Kin san yadda rigimar fili take a Kumasi: mutum ya zuba bulo da siminti, ya rufa kwano, ranar da magana ta tashi sai a ga takarda da sunan wani. To haka wannan yake, har ma ya fi muni, don domen haya ne. Shekara-shekara ake sabunta shi, na .com yawanci tsakanin dala 10 da 20. Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, kamfanin rajista na iya ɗaga ƙafa har kwana 45, sai kwana 30 na fansa da tara mai tsada, sai kwana 5, daga nan a sake shi kasuwa, kowa na iya ɗauka. Saƙonnin gargaɗi kuwa duk imel ɗin yaron suke tafiya, ke ba ki da labari.

Na taɓa ganin wani mai kayan gyaran mota a Suame da hakan ta faɗa wa. Adireshin na jikin allon shagonsa, yana kan rasit da katinsa, sai ga shi wata safiya yana buɗe shafin caca. Dattijo mai zuwa masallaci sahun farko, abokan cinikinsa na kiransa suna tambaya ko lafiya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, masu wannan aika-aika sun sani sarai. Wasu da gangan suke rajista da sunansu don duk shekara ki zo kina roƙo, su yanka miki abin da suka ga dama. Wasu kuma kasala ce, imel ɗin da ke buɗe a kwamfutarsu shi suke sawa. Sai wani mai haɗa shafin ya zo daga baya, maimakon ya tambayi ina makullan tsohon gida, ya ce a sake suna, saboda sabon aiki ya fi kawo masa kuɗi a kan bin sawun wani. Ko buɗe cikin shafin bai yi ba ya yanke masa hukuncin mutuwa. Wane makanike ne zai ce a sayar da mota bai ɗaga bonet ba? Sunan nan tun 2017 yake yawo a WhatsApp ɗin mutanen Bronx da Hamburg, Google ya san shi, yana kan ledojinki wataƙila. Shi ne abu mafi tsada a duk shafin, ya fi hotuna da kwalliya nesa ba kusa ba. Kuma mai turo kuɗi daga waje, in ta ga adireshi ya canja dare ɗaya, damfara za ta fara zato.

Don haka yau ɗin nan ki sa ɗanki ko jikanki ya shiga lookup.icann.org ya rubuta adireshin, in na .com ne. Sunan mai shi sau da yawa a ɓoye yake, amma za a ga kamfanin da aka yi rajista da ranar ƙarewar wa'adi. Ranar nan ita za ta gaya miki saurin da za ki yi. Sannan ki nemi yaron ta hannun iyayensa ko limamin unguwarsu, ai a zango mutum ba ya ɓata haka kawai. Ki yi masa magana da lalama, ko da ɗan goro ne ki ba shi, ya mayar da domen ɗin asusun da aka buɗe da imel ɗinki da lambar wayarki, ya kuma ba ki kalmomin sirrin masauki da na WordPress. In kamfani za a canja, akwai lambar izinin ƙaura da zai karɓo miki. In ya gagara samuwa, ki tattara rasit, saƙonnin MoMo da takardar rajistar kasuwancinki ki rubuta wa kamfanin. Ba na yi miki alkawarin za su yarda, sukan tsaya a kan sunan da ke rubuce. Sai wannan ƙofa ta rufe sannan a yi zancen sabon suna, a kwaso tsofaffin rubuce-rubucen daga Wayback Machine, rumbun da ke adana kwafin tsofaffin shafuka.

Idan makullan sun zo hannu, a kunna SSL kafin Sallah, a sa sababbin kaya da farashi, a tsaya nan. Ba a fasa rumfa ana tsakiyar cin kasuwa. Bayan Sallah a yi gwajin da na faɗa. In ya kama a sake gini, a yi shi a kan tsohon sunan, kuma ki sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa kowane tsohon shafi za a yi masa turawar 301 zuwa sabonsa, wato duk wanda ya buɗe tsohon a wuce da shi sabon kai tsaye, sannan cikon kuɗi sai kin shiga asusun da kanki kin canja kalmar sirri.