Galaksi masu dishi-dishi: suna da yawa kuwa?

Malam, ka tambaya daga Tahoua ko galaksi (wato manyan tarin taurari) masu raunin haske suna da yawa cikin manyan gungu na galaksi, kuma a wane ɓangare suke zama.

Suna da yawa sosai, ganinsu ne ke da wuya. Faɗin wasunsu ya kai na galaksinmu, amma taurarinsu ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari na namu ba, kamar a watsa tiya guda ta hatsi a gona sukutum. Hasken sararin dare kansa yana shanye su.

A 2015 masanin taurari Pieter van Dokkum da abokan aikinsa suka gano 47 a gungun Coma da na'urar hangen nesa ta Dragonfly, wadda aka haɗa da gilasan kyamara, abin mamaki. A shekarar nan madubin hangen nesa na Subaru da ke Hawai ya ƙirga 854 a wurin. Gwargwadon nauyin gungu, gwargwadon yawansu.

Tsakiyar gungu kam ba su cika zama ba, don jan manyan galaksi yana yayyaga su. Waɗanda suka jure kusa da ita, ana ganin baƙin abu marar ganuwa ne ya riƙe su.