Tambayoyinku kan fasaha: fayil ɗaya, masu shi biyu

Tambaya, daga wani ɗalibi a Zariya: Assalamu alaikum malam. Manjaro nake amfani da shi. Na buga `pacman -Syu` sai ya tsaya, ya ce "conflicting files", ya jero fayilolin Python, kowanne da "exists in filesystem". Abokina ya ce in ƙara `--overwrite '*'`. In ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka ƙara. Shi kuma abokin naka, ka daina ba shi aron kwamfutarka.

Pacman, manhajar da ke saka da sabunta fakitoci (ƙunshin manhajoji) a Manjaro, wanda wani nau'in Linux ne, aikin ofishin filaye yake yi: kowane fayil da ya ajiye yana rubuce a rajista da sunan fakitin da ya mallake shi. Da ya zo ajiye sabo sai ya tarar wani ya riga ya yi gini a wurin, shi ne ya tsaya yana tambaya. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ke nan. Alamar tauraron nan kuwa izini ne ka ba shi ya take duk abin da ya tarar ba tare da ya duba ba.

Ɗauki ɗaya daga cikin fayilolin, ka buga `pacman -Qo` da cikakken adireshinsa. In ya ce babu fakitin da ya mallake shi, to na san abin da ka aikata ko ba ka faɗa ba: `sudo pip install`. Abin nan ya ishe ni. Ana koyar da shi a bidiyon koyon Python, yara na kwafa, pip, mai saka fakitocin Python, ya watsa fayiloli cikin `/usr/lib` ba tare da pacman ya sani ba, wata uku bayan nan sai a turo mini wasiƙa ana cewa Linux ba shi da tabbas. Saboda irin wannan ɓarnar ne tun 2023 Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka sa pip yana ƙin taɓa Python na na'ura, yana cewa "externally-managed-environment". Me mutanenmu suka yi? Suka nemo `--break-system-packages` suka liƙa. Umarnin da kansa ya gaya maka zai fasa, ka kuma danna.

Gyaran ba wuya. Cire abin da `sudo pip uninstall`, ko ka sauya wa fayilolin suna, sannan ka sake sabuntawa. In dole sai `--overwrite`, ba shi adireshin fayil ɗin kaɗai. Akwai dalilin da ya sa masu pacman suka kawo shi a 2018 ya maye gurbin tsohon `--force`: so suke ka faɗi abin da za a take da bakinka. Daga yau kowane aiki da nasa `venv`, wato keɓaɓɓen wurin Python na aikin kaɗai, kayan aikin layin umarni kuma a saka su da `pipx`, wanda ke keɓe kowanne a nasa wurin. Sannan ka riƙa leƙa labaran shafin Manjaro kafin babbar sabuntawa, don wani lokaci su da kansu ke sanar da fayil ɗin da za a taɓa da hannu.

Tambaya, daga wata mai shagon buga takardu a Maraɗi: Ubuntu ya ce "trying to overwrite", wai fayil ɗin "is also in package" wani daban. Yanzu komai ya ƙi shiga.

Amsa: Hajiya, fakiti biyu ne ke jayayya a kan fayil guda, kuma galibi ɗayan daga PPA ya zo, wato ma'ajiyar manhajoji ta wani daban ba ta Ubuntu ba, ko wani fayil ɗin saka manhaja na `.deb` da aka sauko da shi daga intanet. `dpkg -S` zai nuna mai shi na yanzu. Cire baƙon, ki bi da `sudo apt --fix-broken install`. In PPA ne, `ppa-purge` zai mayar da komai na asali. Ki tambayi yaron shagon abin da ya saka.

Tambaya, daga wani a Kumasi: Kwamfutata ta ce "Could not get lock /var/lib/dpkg/lock-frontend". In goge fayil ɗin?

Amsa: A'a. Wata sabuntawar ce ke gudana a ɓoye. Je ka sha shayi ka dawo; in har yanzu yana nan, kashe na'urar ka kunna, ka buga `sudo dpkg --configure -a`.