Likitancin fata ba ya hana binciken sankara da tsufa

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kin ce kin kusa gama karatun likita, ranki na son fannin fata, amma kuma kina sha'awar binciken sankara da tsufa, ga shi ana ta ce miki likitan fata bai wuce rubuta man ƙuraje da makero ba. Kada wannan maganar ta karya miki gwiwa. Na daɗe ina rainon ƙwayoyin halittar fata a ɗakin gwaji, kuma duk ɗalibin da ya zo mini da irin wannan damuwar, labarin Howard Chang nake ba shi.

Likitan fata ne. An haife shi a Taiwan a 1972, ya yi karatun likita a Harvard, ya yi digirin digirgir a jami'ar MIT ƙarƙashin masanin kimiyya David Baltimore, sannan ya tafi Jami'ar Stanford ya ƙware a kan fata. Tambayar da ya fara da ita, kowane likitan fata na cin karo da ita kullum a asibiti: me ya sa wata cuta ke son tafin hannu, wata gwiwa, wata fatar kai? Me ya sa gashi ke tsirowa a ka amma ba ya tsirowa a tafin ƙafa, alhali DNA ɗin iri ɗaya ne?

A 2002, yana ɗakin gwajin Farfesa Patrick Brown, ya nuna cewa ƙwayoyin faiburobulas, masu saƙa naman ƙarƙashin fata, sun san inda suka fito. Ko an ciro su an raine su a faranti, ta hannu tana nan a ta hannu, ta ƙafa tana nan a ta ƙafa, kowacce da ƙwayoyin gadon HOX (masu tsara matsayin sassan jiki) da ta kunna. Wannan shi ne efijenetiks. Littafi ɗaya ne a hannun kowace ƙwaya, sai dai kowacce da shafukan da aka buɗe mata da waɗanda aka liƙe. A cikin kowace ƙwaya, DNA mai tsawon kusan mita 2 tana naɗe jikin furotin da ake kira histon, kuma irin naɗin ne ke sa a karanta wani wuri a bar wani.

Wa ke liƙe shafin? A 2007 Chang da abokin aikinsa John Rinn suka gano HOTAIR, wani dogon RNA (kwafin wani sashe na DNA) da ba ya haɗa furotin, irin wanda a da ake ɗauka tarkace ne, suka nuna yana taimakawa wajen liƙe wasu shafukan. A 2010 suka nuna cewa sankarar mama mai yawan HOTAIR ta fi saurin bazuwa a jiki. Gaskiya daga baya wasu masana sun cire shi daga ɓeraye ba su ga babban sauyi ba, aka yi ta muhawara. Ni a wurina hakan bai rage darajar aikin ba, domin ya jawo hankalin duniya zuwa ga dubban irin wannan RNA.

Amma aikinsa da ya fi taɓa ni shi ne na 2004 a kan rauni. Ya duba ƙwayoyin gadon da faiburobulas ke kunnawa lokacin warkar da ciwo, sai ya tarar da su a kunne cikin wasu nau'o'in sankara, kuma masu ɗauke da irin wannan sankarar ta mama, ta huhu ko ta ciki sun fi saurin rasuwa. Tun 1986 wani likita, Harold Dvorak, ya kwatanta sankara da raunin da ya ƙi warkewa, Chang ya kawo hujjar a matakin ƙwayar gado. Ke da kike zagayen ɗakin marasa lafiya, ai kin ga wannan da idonki. Gyambon da ya shekara goma a ƙwauri, ko tsohon tabon ƙuna, wata rana bakinsa ya tashi ya yi tauri, a yanko a auna a ce ya rikiɗe ya zama sankara. Haka 'yan'uwanmu zabiya da rana ke cinye musu fata tun suna matasa. Waɗannan marasa lafiyar a asibitocinmu suke, kuma binciken da aka yi a kan naɗin DNA ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Abin na damuna.

Batun tsufa kuwa, a 2007 ɗakin gwajin Chang ya toshe aikin furotin NF-kB, mai kunna wasu ƙwayoyin gado, a fatar tsofaffin ɓeraye har tsawon mako 2, fatar ta ƙara kauri, ƙwayoyin gadonta suka koma aiki irin na ƙuruciya. A ɓera aka yi, don haka kada mai tallan man hana tsufa ya ruɗe ki da shi. Ni kaina ina ganin bambancin a faranti: ƙwayoyin dattijo kan baje su yi faɗi, su yi nawar rabuwa, na jariri kuwa kafin ki ankara sun cika farantin.

A 2013 shi da William Greenleaf da ɗalibinsu Jason Buenrostro suka ƙirƙiro ATAC-seq, dabarar gano wuraren DNA da ke buɗe ta amfani da ƙwayoyin halitta 50,000 kacal, inda a da sai an tara miliyoyi. Daga nan ya shiga binciken zoben DNA da sankara ke ɓoye ƙwayoyin gadonta a ciki, ya karɓi kyautar Sarki Faisal ta kimiyya a 2024, a ƙarshen shekarar ya koma kamfanin haɗa magunguna na Amgen a matsayin shugaban sashen kimiyya. Fannoni sun yi ta sauyawa, tambayarsa ta farko dai ita yake bi.

Shawarata, ki yi ƙwarewarki a fata, kada ki bar asibiti da wuri, can tambayoyin suke. A gefe guda ki koyi ƙididdiga da manhajar R tun yanzu. Rumbunan bayanai irin su GEO da TCGA kyauta suke a intanet, da kwamfutarki za ki iya nazarin sankarar fata ba tare da injin miliyoyi ba. Ki ƙulla zumunci da likitan da ke auna tsoka a asibitinku, ki koyi yadda ake adana samfuri, ki kuma nemi izinin kwamitin ɗa'a da yardar marar lafiya kafin ki ɗauki ko ɗaya. Idan kin tashi rubuta wa wani farfesa na waje neman gurbi, ki karanta aikinsa da kyau, ki gaya masa irin marasa lafiyar da kike gani da tambayar da suka tayar miki. Allah ya ba ki sa'a.